Wuƙa mai tsada amma ruwanta na girgiɗi: aibi ne ko haka suke zuwa?

Mai_Wuƙar_Aljihu:

Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka mini da shawara. Na daɗe ina fama da wuƙaƙen aljihu masu arha, sai kwanan nan na ƙuƙuta na sayi mai tsada daga wani kamfani da ake ji da shi. Mariƙinta taitaniyom ne, makullinta kuma irin wanda ɓarin mariƙin ke shigewa bayan ruwan wuƙar ya tokare shi. Kaifi kam ba a magana. Amma in na buɗe ta ta kulle, na kama bayan ruwan kusa da tsini na motsa hagu da dama, sai in ji ɗan girgiɗi. Ido ba ya ganinsa, yatsa ne ke ji. In na naɗe ta kuma, ruwan ba ya zama a tsakiya, yana ɗan karkata gefe guda, ko da yake bai kai ga gogar mariƙin ba. Abin haushin, tsohuwata mai arhar ba ta haka. In mayar musu ne, ko ni ne na cika tsanani?

Tsohon_Bakanike:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka tukuna. Girgiɗin ruwan wuƙa iri biyu ne, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Akwai na hagu da dama, wanda ka faɗa. Akwai na sama da ƙasa, wato ruwan ya riƙa motsi ta hanyar da yake naɗewa alhali a kulle yake.

Na farkon, galibi notin da ruwan ke juyawa a kansa ne ya ɗan saki. Ruwan yana zaune ne tsakanin wosha biyu, na tagulla ko na roba, ko kuma tsakanin ƙananan boris, kuma notin nan ne ke matse su. Ya yi sako-sako, ka ji girgiɗi. Ya matsu da yawa, wuƙa ta ƙi buɗuwa da yatsa. Karkatar da ka gani ma daga nan take: makulli irin naka kullum yana tura ruwan zuwa ɗaya ɓarin, da ya sami sarari sai ruwan ya kauce. Nemi sukundireba mai bakin tauraro, Torx, yawanci T8 ko T10 ne. Ka tabbata bakinsa ya zauna daram, don kan notin nan da ya cinye ka shiga uku. Ka juya kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka gwada, ka ƙara.

Sannan kada ka riƙa gwadawa da ƙarfi. Duk wuƙar da ke naɗewa dole a bar mata ɗan sarari, in ba haka ba ba za ta juya ba. Wanda ya kama tsini ya murɗa da ƙarfin tsiya zai sami motsi a kowace wuƙa, wani lokacin ma lanƙwasar ƙarfen yake ji.

Hajiya_Mai_Tarawa:

Baba Bakanike, gyaranka daidai ne, amma ban yarda a sauƙaƙa wa kamfanin ba. Me mutum yake saya in ya biya kuɗi masu yawa? Ba ƙarfe kawai ba, don ƙarfe mai kyau yanzu har a wuƙaƙen tsaka-tsaki ana samu. Daidaiton aiki ake saya. Dubi wuƙar Sebenza ta maƙerin wuƙaƙe Chris Reeve, wanda ya fito da irin wannan makullin da Malam yake magana. A ramin ruwan akwai bushi, wato ɗan bututun ƙarfen da notin ke ratsawa, da aka yanka daidai kaurin ruwan da woshoshinsa, saboda haka sai ka ɗaure notin har ƙarshe, wuƙa ta ci gaba da buɗuwa sumul, babu girgiɗi, babu laluben inda za ka tsaya. Har abin kwance noti da giris suke sakowa a kwali, don mai ita ya kwance ya wanke da kansa. To in wani ya iya wannan, wanda ya karɓi kuɗin mutum ya aiko masa da wuƙa tana girgiɗi tun daga kwali bai duba aikinsa ba kafin ta fita. Ni ko da zan gyara da hannuna, sai na rubuta musu sun sani.

Malam, kafin ka taɓa komai ka karanta takardar garanti. Wasu kamfanonin ba ruwansu da ɗaure noti, amma da ka kwance wuƙar gaba ɗaya sun zare hannunsu.

Tsohon_Bakanike:

Hajiya, ba mu saɓa ba a kan garanti. Inda nake ja shi ne, noti kan saki a hanya, ko bayan an yi ta buɗewa da rufewa a kwanakin farko, kuma kowa ya san sabuwar wuƙa ba ta hutawa a hannun mai ita.

Wanda ba na yafewa shi ne na sama da ƙasa a makulli irin nasa. Wannan yana nufin fuskar makullin ba ta haɗu da gindin ruwan yadda ya kamata ba, ko ƙusar da ke tare ruwan in ya buɗe ta saki, ko ramin ta ya buɗe. Ɗaure noti ba ya maganinsa. Kuma a duba inda makullin ya tsaya a gindin ruwan: in sabuwa ce amma ya riga ya zarce kusan zuwa ɗaya ɓarin, ba shi da sauran wurin ci in ya fara gogewa. Wannan a mayar, babu wani dogon zance, don yatsun mutum ne a hanyar ruwan.

Amma ko nan sai an san irin makullin. Masu makullin baya, irin Buck 110 da ta fito a 1964, da yawansu in ka danna kaifin a kan katako za ka ji ruwan ya ɗan ɗaga, saboda sandar makullin ce da kanta ke karɓar nauyin. Haka ƙirar take, kuma mutane sun yi shekaru suna aiki da ita lafiya lau. Don rage wannan ne Andrew Demko ya ƙara ƙusar tarewa a makullin Tri-Ad na Cold Steel. Masu makullin Axis na Benchmade kuwa, da yawan masu su da gangan suke sassauta noti don ruwan ya faɗo da kansa in an ja makulli, sun yarda da ɗan girgiɗin gefe a madadin haka.

Mai_Wuƙar_Aljihu:

Na gode Baba, na gode Hajiya. Na gwada sama da ƙasa, ko motsi babu, makullin kuma bai kai rabin gindin ruwan ba. Takardar garanti ba ta hana ɗaure noti ba. Na juya shi kaɗan, girgiɗin ya ɓace, ruwan ya dawo tsakiya. Sai dai bayan na yi ta buɗewa da rufewa na ji kamar yana son dawowa. Me ake sa masa ya tsaya?

Tsohon_Bakanike:

Cire notin, ka goge maiƙon da ke zarensa da ɗan sifirit, ka ɗiga masa Loctite, gam ɗin da ke hana noti saki, shuɗin, mai lamba 242 ko 243. Ɗigo guda a bakin allura ya isa, kada ya malala cikin wosha. Ka mayar, ka saita inda kake so, ka ajiye ta awa 24 ba tare da ka buɗe ba. Ka guji jan Loctite, wannan sai da zafi yake kwancewa. In bayan haka girgiɗin ya dawo, ko kuwa ba ya ɓacewa sai ka matse har ta ƙi buɗuwa, to ba noti ba ne, wosha ce ko ramin ruwan, sai ka bi shawarar Hajiya ka aika musu da ita.