AK-47 a hannun 'yan tawayen Andor: lalaci ne ko dabara?

Mai Gyaran Waya, Ikeja: Salamu alaikum jama'a. Waɗanda suka kalli Andor, shirin Star Wars na 2022, ku duba bindigar da ke hannun 'yan tawayen da suka je fashin albashin sojoji a duniyar Aldhani. AK-47 ce, kwalliya kawai aka ɗan yi mata! Duk kuɗin Disney, kamfanin da ke da shirin, a rasa mai zana sabon makami? Ni na ce lalaci ne. Shirin sararin samaniya da ya ɗauko bindigar duniyarmu ya raina masu kallo.

Telan Agege: Wa alaikumus salam. Wallahi ni ma ina ganinta labarin ya fice mini daga kai. Abin da kake gani a kafaɗar 'yan sanda a shingen hanya, shi za a kai maka wata duniya?

Tsohon Soja, Obalende: Yara, ba yau aka fara ba. Fim ɗin Star Wars na farko na 1977 da kuke yabo, ƙaramar bindigar Han Solo, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, Mauser C96 ce ta Jamus, ƙirar 1896, aka ɗora mata madubin hange. Sojojin nan masu farin sulke Sterling ta Ingila suke riƙe da ita, manyan bindigoginsu kuma MG34 ce ta yaƙin duniya na biyu. A Ingila aka ɗauki yawancin fim ɗin, suka yi hayar bindigogin gaske suka manna musu tarkace. Shi ya sa idan ɗan wasa ya ɗaga ta kake ganin nauyi a hannunsa. Bambancin dai ba ku san Mauser ba, kun san AK.

Mai Gyaran Waya: Baba, ai ka faɗi maganata da bakinka. Mauser sai irinku masana. AK kuwa har a tutar Mozambik take. Idan za ka yi aro, ari abin da ba za a gane ba.

Malamar Kimiyya, Idi-Araba: Ƙanena, ni a ganina so ake a gane ta. Waɗannan mutanen ba su da gwamnati, ba su da ma'ajiyar makamai, a daji suke kwana cikin shigar makiyaya. Tun da Kalashnikov, mutumin Rasha, ya ƙera ta a 1947, duk inda aka ce tawaye surarta ce ke fara zuwa wa mutum. Kana ganinta ka san su waye, ba sai an yi maka bayani ba. Kuma a shirin ma haske take fitarwa, ba harsashi ba.

Ɗan Gwari, Mile 12: Dole ta fitar da haske mana, Malama. Harsashi ai ba ya tashi inda babu iska.

Tsohon Soja: Wa ya gaya maka? Albarushi da iskarsa yake tafe, sinadarin da ke ciyar da wutar yana cikinsa. Za ta tashi sarai. Matsalar biyu ce: naushin bindigar zai tura ka baya tunda ba ka taka komai ba, sannan idan a cikin jirgi kake ka huda bango, iskar numfashinku ta fara zurarewa.

Malamar Kimiyya: Baba ya yi daidai. Hasken ma da kuke so shi ya fi nisa da gaskiya. Hasken leza kilomita kusan 300,000 yake ci a daƙiƙa ɗaya, babu mai ganin tahowarsa balle ya goce. Inda babu ƙura ko hayaƙi kuma ba a ganin layinsa daga gefe. Ga zafi: a sararin samaniya babu iskar da za ta kwashe shi, jirgin da ya yi ta harba leza kansa zai fara dafawa. Shirin The Expanse, wanda aka fara a 2015, ya kula da wannan. Makamai masu linzami ake harbawa daga nesa, ƙananan bindigogi masu ruwan harsashi su kakkaɓo su, sai babbar da ke cilla ƙarfe da ƙarfin maganaɗisu. Jiragen ma kamar bene aka gina su, injin a ƙasa, turawarsa ce ke ba mutane nauyin tsayuwa. Idan an kai rabin hanya jirgi ya juya ya ba inda za shi baya don ya rage gudu.

Telan Agege: Malama, da fiziks nake nema ai aji zan zo. Ni ɗinki nake yi, kuma yankan riga shi ke gaya maka wane ne mai ita. A shirin Star Trek tun 1966 makaminsu ɗan ƙarami ne, ana iya saita shi ya sumar da mutum ba tare da ya kashe ba. Wannan ya nuna maka mutanen da suka fita bincike, ba cin ƙasa ba. An zauna an yi tunani aka zana. A Andor fa? An shiga sito an ɗauko.

Ɗan Gwari: To shirin Battlestar Galactica na 2004 fa, Yaya? Harsashi suke harbawa, wayar tarho mai igiya suke ɗagawa, ban ji kun yi ƙorafi ba.

Mai Gyaran Waya: Can an ba da dalili. Maƙiyansu Cylon, wasu mutum-mutumin inji, suna kutsawa cikin duk kwamfutar da aka haɗa da wata, shi ya sa tsohon jirgin da ya ƙi haɗa nasa ya tsira. A shirin Stargate SG-1 ma bindigar P90 ta Beljiyam suke riƙewa, amma sojojin saman Amurka ne na zamaninmu, me za su riƙe? Andor kuwa wani taron taurari ne mai nisa, ba su taɓa jin sunan Rasha ba.

Tsohon Soja: Jamus fa, sun taɓa jin sunanta?

Mai Gyaran Waya: Baba, Mauser an lulluɓe ta. Wannan ko lanƙwasasshen gidan harsashin ba su cire ba. Bindigar da ke fitar da haske me za ta yi da gidan harsashi?

Malamar Kimiyya: Wataƙila batir ne a ciki.

Mai Gyaran Waya: Batir sana'ata ce, Malama. Ban taɓa ganin mai siffar ayaba ba.