'Ya'yan saskatun ɗina sun yi tsatsa, ku taimaka min

Maman Hanif (Winifeg, Kanada): Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi raina a jagule yake. Da muka tare a gidan nan a 2021, maƙwabciyata, wata dattijuwa, ta ba ni jam ɗin saskatun, 'ya'yan itacen nan na yankinmu da ke yin shuɗi mai duhu in sun nuna. Na ji daɗinsa, sai na sayo dashe biyu irin Northline na sa a bayan gida. Maigida so ya yi a zuba siminti a wurin don ajiye mota, sai da muka kai ruwa rana kafin ya haƙura. Bana a watan Mayu suka yi fure fari fat, na tura wa Hajiya surukata hoto a Zariya, na ce in ta zo a Yuli za ta sha jam na hannuna. Biza ta fito, an yanki tikiti. To yanzu 'ya'yan sun kumbura sun fito da wasu 'yan ƙahonni, in na taɓa sai wani gari ruwan lemo ya manne min a yatsa. Ganyen ma duk ɗigo-ɗigo. Ya zan yi?

Baban Zahra (Saskatun): Wa alaikumus salam. Cutar tsatsa ce, ba tantama. Akwai itacen junifa, wanda ganyensa ke zama kore ko a lokacin sanyi, kusa da ke? Cutar gida biyu gare ta: tana kwana a jikin junifa lokacin sanyi, in damshin bazara ya zo iska ta kwaso ta zuwa kan saskatun. Nemo junifar ki sare.

Maman Hanif: Akwai, amma shingen dattijuwar nan ne. Ba zan iya buɗe baki in ce ta sare ba.

Anti Larai (Miniyafolis): Ke gode wa Allah ma kin ga 'ya'yan. Ni nawa duk shekara tsuntsaye ke gamawa da su tun suna ja. Na sa raga, wani ya maƙale a ciki, yarana suka dinga kuka kamar na yi kisan kai. Ga zomaye sun gwaguye ɓawon gindin cikin dusar ƙanƙara. Mai gidan hayarmu kuma ko shinge ya ƙi gyarawa.

Baban Zahra: Anti, raga ba ta maganin tsatsa. Maman Hanif, a ina kika dasa su? Rana na samunsu? Yaya kike ban ruwa?

Maman Hanif: Jikin shingen suke, nan kaɗai maigida ya bar min. Ina kunna musu abin fesa ruwa kullum da yamma, kuma ai da shi suka yi girman nan.

Baban Zahra: To ga matsala. Ganye ya kwana a jiƙe, ga inuwa, ga junifa a kansa. Ki zuba ruwa a gindi da safe. Maganin feshi tun lokacin fure ake yinsa, bana kam ya wuce. Tsinke waɗanda suka kamu ki zubar, da kaka ki tuge dashen ki mayar inda rana take.

Malam Isiyaku (Kalgari): Ban yarda a tuge ba. Cutar nan ba kasafai take kashe itacen ba, kuma iska na kawo ta daga nesa, ko kin matsar ba ki tsira ba. Shekarar da bazara ta zo a bushe za ki ga sauƙi. Dashen da ya kafu in kika taɓa shi kin mayar da shi baya.

Baban Zahra: Malam, a garin Saskatun nake zaune, na san abin da nake faɗa.

Ummu Sadik (Kano): Ni dai tambaya, in an kawo min irin zai yi a Kano?

Malam Isiyaku: Ba zai yi ba Hajiya, sai ya sha sanyi mai tsanani kafin ya yi fure.

Maman Hanif: Na gode, amma tugewa ba za ta yiwu ba, maigida zai ce dama ya faɗa. Ruwan ma da yamma kawai nake da lokaci, da safe ina wurin aiki. Waɗanda ba su kamu ba fa, za a iya ci? Hajiya na sauka ranar 12 ga wata.

Anti Larai: In tsuntsaye sun bar miki.