Libarbata ta albarushi tana ƙugi idan na ɗana, me zan yi mata?

Ɗan Texas: Salam 'yan uwa, dan Allah masu harkar bindigogin da ku taimaka. Nan Amurka nake zaune, watan jiya na sayi kwafin Remington 1858 ƙirar Pietta, mai lamba .44, irin wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta gaban silinda (gangar nan mai ramuka da ke juyawa). Harbin allo kawai nake da ita a fili ranar Asabar. Matsalar idan na ja hama (ƙarfen da ke bugawa harbi ya tashi) baya sai inji tana gurzawa kamar an zuba yashi a ciki, kuma bayan na harba silinda biyu ko uku sai ta cije gaba ɗaya sai na sa hannu na juya ta. Wani abokin aikina yace in ɗauko Dremel, ɗan injin gurza na hannu, in goge komai na ciki yayi ƙyalli, ni dai raina bai kwanta ba shine nace bari in tambaya.

Tsohon Mafarauci: Wa alaikumussalam. Kar ka soma, ajiye Dremel ɗin nan wlh. Matsala biyu ce kake haɗawa. Cijewar silinda dattin albarushi ne, Remington an santa da wannan, hayaƙin da ke fita tsakanin silinda da bututu kai tsaye yake sauka kan sandar da silinda ke juyawa a kai, ita kuma sandar siririya ce ba kamar ta Colt ba mai kauri da tsaga-tsaga na riƙe maiƙo. Narka kakin zuma da man zaitun ka lafta wa sandar, duk silinda biyu ka zare ka goge da tsumma. Kuma ka daina sa mata man inji ko giris na mota, idan ya haɗu da toƙar albarushi kwalta yake zama. Wanki kuma ruwan zafi da sabulu a ranar da kayi harbi, ko 'yan bindigar hawan sallah a gida sun san albarushi baya kwana a ƙarfe bai jawo tsatsa ba.

Ɗan Texas: Kash, ai kuwa man inji na sa mata Baba 😅 To gurzawar fa?

Mai Walda Ohio: Ita wannan kaushin da injin kamfani ya bari ne. Kwafin nan daga Italiya suke, Uberti da Pietta duk yankin Brescia, ƙarfen lafiya lau amma basa tsayawa goge ciki sosai saboda arha. Ka tabbatar babu komai a silinda, ka warware ta kan farin zani ka ɗau hoto kowane mataki, ka samu sukudireban da ya zauna daidai bakin noti dan notinansu laushi gare su, ni na farko da na kwance sai da na cinye kan noti biyu. Ka shafa baƙin tawadar alƙalamin maka (marker) a gefen hama da ɗan hannun da ke tura silinda, ka mayar ka ɗana kamar sau ashirin ka sake kwancewa, inda baƙin ya goge nan ne ke gurza. Nan kaɗai zaka bi da dutsen washi mai laushi ko sanfefa 600 sannan 1000, a hankali, kaifi-kaifin kawai kake cirewa ba ƙarfe kake ragewa ba. Ramin da hannun ke bi a jikin firam ma leƙa shi, nawa can abun yake.

Tsohon Mafarauci: Ƙari akan nasa, bakin kunama da tsagar da take kamawa a jikin hama kar ka taɓa su ko kaɗan. Taurin wajen a fata yake kawai, ka goge shi ka isa ƙarfe mai laushi, kwana kaɗan hama ta fara faɗuwa da kanta. In nauyin kunama ne ke damunka kai wa mai gyaran bindiga.

Hajiya Maryland: Maigidana ya canza babban sifirin ya sa mai laushi, daɗin ɗanawa kam akwai amma sai ta dinga ƙin tashi, wani lokacin kuma 'yar hular tagullar da ke kunna albarushin ta fashe ta faɗa cikin injin ta cushe komai, ƙarshe tsohon ya mayar. Sannan kar ka dinga sakin hama a banza babu hula, bakin nonon da ake ɗora hular a kai yake daƙewa, riƙe ta da babban yatsa ka sauke.

Ɗan Texas: Na gode ƙwarai Hajiya, na gode Baba. Daren nan zan fara da wanki da kakin zuman, Asabar in gwada kafin in taɓa noti ko ɗaya. Mai Walda sukudireban nan wane girma ka saya?