Neman shawara: jikina karami ne amma babbar roba nakeso a samin a kirji, akwai hadari?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 29, tsayina mita 1.53 nauyina kuma baya wuce kilo 46, irin matan nan ne ni masu kananan kashi, kafada siririya kirji dan tsuku. Haihuwata daya, bayan yaye abinda dama can ba wani yawa gareshi ba sai ya kara motsewa ya dan kwanta, to na yanke shawarar ayi min aikin saka robar silikon, wannan kam mun gama magana da maigidana ba shi nake tambaya ba. Girman ne matsalar. Ni cc 550 nakeso kowane bangare saboda naga hoton wata da akace haka aka saka mata kuma wlh ya min kyau, nace tunda yanka ni za'ayi insha wahalar jinya gara ayi mai gaba daya. Likita na farko ya auna fadin nonon yace sentimita 11 ne, ya dan kama fatar sama da yatsunsa yace tayi siriri, yace shi bazai wuce 300 zuwa 325 ba ko me zance. Na biyun kuwa ko awon kirki baiyi ba yace 550 ba komai bane fata ai mikewa takeyi, duk wanda nakeso zai samin. Yanzu kaina ya kulle, shin babba a karamin jiki hadari ne ga lafiya ko dai maganar kyau ce kawai kowa da ra'ayinsa? Na farkon ne matsoraci ko na biyun ne mai ganganci?

Yar auta:
Wa alaikissalam. Ni ban san komai akan aikin ba amma likitan da zaki kai masa kudi ya dubeki yace a'a bazanyi ba, ni dai shi zan fi yarda dashi.

Anti nas:
Ƙanwata, na yi aiki a ɗakin tiyata kuma na ga masu dawowa gyara, bari in miki bayani dalla-dalla. Wannan cc ɗin yawan abin da ke cikin robar ne kawai, ba ya gaya miki yadda zai zauna a jikinki. Wadda kika gani a hoto ba ki san tsayinta ba, ba ki san faɗin ƙirjinta ba, ba ki san yawan naman da take da shi tun asali ba, kuma ba ki san wata nawa da aikin aka ɗauki hoton ba. 550 a jikin doguwa mai faɗin kafaɗa daidai wa daida ne, a jikinki kuwa wani labari ne daban.

Abin da likitan farko ya yi shi ne tsarin da ƙwararru ke bi. Kowace roba tana da faɗi, kuma ana so faɗinta ya zauna a cikin faɗin gindin nonon. Taki sentimita 11, ita kuwa roba mai 550 ko da irin mai tudu ce aka ɗauko faɗinta kan kai 13 ko sama da haka, to ina ragowar za ta je? Ko dai ta fita ta gefe wajen hammata hannunki ya riƙa gogarta, ko likita ya faɗaɗa ramin ta tsakiya, idan kuma ya wuce gona da iri fatar da ke manne da ƙashin tsakiyar ƙirji ta ɗaga, biyun su haɗe su zama kamar abu ɗaya, wannan yana cikin gyaran da ya fi wahala. Ko kuma ya sauke layin nan na ƙarƙashin nono don a samu wuri, to layin nan shi ke tallafe nauyin, da zarar an raunana shi sai robar ta riƙa zamewa ƙasa a hankali, ki ga kan nonon yana kallon sama, cikar duk ta koma ƙasa, tabon yankan ya hauro kan nonon.

Sai nauyi. Kowane cc ɗaya na silikon kusan giram ɗaya ne, 550 biyu ya haura kilo ɗaya ke nan, rataye a ƙirjin mace mai kilo 46 dare da rana. Gaskiya ne fata tana miƙewa kamar yadda na biyun ya ce, abin da bai faɗa miki ba shi ne ba ta daina miƙewar, tamkar siririyar leda ce da aka cika da kaya masu nauyi aka rataye. Kuma matsin da robar ke yi yana sa naman nonon na asali ya ƙara sirancewa da shekaru, daga nan ne za ki ga gefen robar ya bayyana ko yamutsewarta tana nunawa ta cikin fata musamman idan kin sunkuya. Kama fatar da ya yi kaurinta yake dubawa, idan ba ta kai sentimita 2 ba a sama yawanci a ƙarƙashin tsoka ake sakawa don a samu abin da zai rufe ta.

Maman biyu:
Ni anyi min, jikinmu kusan daya dake na dan fiki tsayi kadan, 300 aka samin karkashin tsoka. Wlh satin farko da kumburin nan cewa nayi na shiga uku ya cika girma, numfashi ma sama sama nakeyi saboda matsewar kirji kamar an dora min wani a kai, sai da ya sauka ya zauna bayan watanni sannan naga asalin siffarsa. Abinda zan gaya miki shine a jikinmu 300 ba karami bane ko kadan, duk rigunan mamana sai da na canza kuma duk wanda ya sanni da ya lura. Ki roki likitan ya baki na gwaji ki saka a rigar mama ki dora kayan da kika saba sakawa, ki zauna ki tashi ki sunkuya ki daga hannu, ki gwada 300 ki gwada 550 ki tsaya gaban madubi ki kalli gefe ba gaba kadai ba. Wasu ma suna da kwamfuta da take daukar hoton jikinki ta nuna miki kusan yadda zai fito.

Hajiya babba:
Yarinya ki bar jikinki yadda Allah ya yi miki shi, lafiya ai ta fi komai.

Mai kula da zaure:
Hajiya mun gode da nasiha, amma ta riga ta fada tun farko ba wannan take tambaya ba, mu tsaya akan girman dan Allah.

Gimbiya:
Nidai gaskiya ana tsoratar da ita da yawa. Mata nawa ne yan firit suke da manya kuma suna harkarsu lafiya lau? Jikinta ne fa. Idan ta saka karami tazo bata gamsu ba wata tiyatar zata sake, wannan ma ai hadarin ne.

Anti nas:
Gimbiya kina da gaskiya ta wani ɓangaren, akwai waɗanda suke komawa a ƙara musu girma, kuma ban ce duk mai ƙaramin jiki da ta saka babba za ta samu matsala ba, wata fatarta mai ƙarfi ce. Amma ki duba bambancin, wadda ta saka 300 idan tana son ƙari jikinta na nan da ƙarfinsa sai a cire a saka 375. Wadda ta saka 550 fatar ta saki idan tana son ragewa ba cirewa kawai za a yi ba, sai an yanke fatar da ta yi yawa an ɗaga nonon an ɗinke ramin daga ciki, tabo kuma daga zagayen kan nono har ƙasa. Kuma masu saka hotuna ba sa dawowa su saka na shekara bakwai bayan aikin.

Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba, jijiyar da ke kai ji zuwa kan nono ta gefen ƙirji take shigowa, daga tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar, idan aka buɗe rami mai faɗi sosai ta gefe ko roba ta ja ta da yawa sai jin ya ragu ko ya ɗauke, wata ya dawo bayan watanni wata kuma shi ke nan. Ga ciwon wuya da kafaɗa da igiyar rigar mama da ke yin rami a kafaɗa, ga nankarwa, ga wahalar gudu ko kwanciya rub da ciki.

Mai tambaya:
Anti nas nagode sosai Allah ya saka. To amma ni dalilin da yasa na nace akan babba harda kwanciyar da yayi, nayi tunanin babba ce zata cika fatar ta dago shi. Sannan inaso in kara haihuwa, zan iya shayarwa?

Anti nas:
Wannan tunanin shi ke kai mata da yawa ga babba. Roba tana cikawa ne ba ta ɗagawa, idan kan nonon yana saman layin ƙarƙashi ko daidai da shi matsakaiciya za ta wadatar, idan kuwa ya sauka ƙasa da layin to aikin ɗagawa ake buƙata daban, in aka cusa babba don a guje masa sai ki samu robar a sama naman kuma yana lilo a ƙasanta, ko duka su sauka tare da nauyin. Ki tambayi likitan farko a ina naki yake.

Shayarwa mata da yawa suna yi da roba a jiki, amma wasu ruwan nonon kan ragu, kuma yanka ta zagayen kan nono ya fi taɓa hanyoyin ruwan fiye da yanka ta layin ƙarƙashi. Ni in da za ki ji tawa, idan haihuwar nan kusa kike so to ki bari sai bayan yaye, don ciki zai sake kumbura shi ya sake sakinsa, da babbar roba a ciki kuwa fatar sau biyu za ta wahala.

Uwar gida ran gida:
Ni tsorona cutar kansa, ance robar nan tana kawo kansa, gaskiya ne?

Dalibar likitanci:
Akwai kamshin gaskiya amma ba kansar nono da aka sani ba ce. Wata iri ce da ba ta da yawa ana ce mata BIA-ALCL, tana fitowa a cikin yanar da jiki ke sakawa ya nade robar, kuma yawanci da roba mai kaushin baya ake alakanta ta ba mai santsi ba, shiyasa a 2019 kamfanin Allergan ya janye irin nasa mai suna Biocell daga kasuwa. Alamarta yawanci nono daya ya kumbura da ruwa shekaru bayan aikin. Wannan ba ruwansa da girma, ko karama ko babba, abin tambaya shine bayanta mai santsi ne ko mai kaushi. Ita wannan yanar kuma wani lokaci takan yi tauri ta matse robar nonon ya zama kamar dutse har da ciwo, wannan na daga manyan dalilan sake tiyata.

Sannan yar uwa ki sani robar ba ta har abada bace. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka tun 2021 ta sa dole a rubuta gargadi karara a takardar bayanin da ke zuwa tare da ita a kuma bawa mace takardar hadurran ta karanta ta sa hannu kafin aiki, kuma shawararsu mai silikon tayi hoton MRI ko sikanin bayan shekara 5 zuwa 6 sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3, saboda silikon yana iya fashewa a ciki baki ji komai ba. Ki karbi katin robar mai sunan kamfani da lambarta ki ajiye, a 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika nasa da silikon din masana'antu wanda ba na jikin mutum ba, mata da yawa a kasashe daban daban sai da suka koma neman ko wace iri ce a jikinsu. Duk ranar da zakiyi hoton binciken kansar nono kuma ki fada musu akwai roba, tana boye wani sashe akwai yadda suke tura ta baya su dauka, kuma babba akan dan nama kadan ta fi wahalar kaucewa.

Gimbiya:
To idan tsoron robar akeyi ai ana diban kitsen jiki a zuba, ba shikenan ba?

Dalibar likitanci:
Mai kilo 46 a ina za'a samo kitsen Gimbiya? Kuma shi kari kadan yake bayarwa wani ma jiki ya shanye shi, sai dai wasu likitocin suna dan zuba shi a sama don ya rufe gefen robar ga masu siririyar fata.

Maman biyu:
Na manta, idan kina shan shisha ko wani abu mai nikotin ki fada masa gaskiya ki kuma daina makonni kafin aikin, yana hana ciwo warkewa. Kuma ki tabbatar asalin likitan tiyatar gyaran jiki ne mai takardar kwarewa, a asibiti mai kwararren mai allurar barci, kada kunya ta hanaki tambaya.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri gaba daya. Na biyun kam na hakura dashi, zan koma wajen na farko in gwada na gwajin nan 300 da 325 da 350 in kuma tambayeshi maganar layin karkashi. Anti nas idan nace masa 350 kina ganin na wuce iyaka?

Anti nas:
Tsakanin 325 da 350 bai kai babban cokali biyu na ruwa ba, ido ma da ƙyar zai gane. Kada ki je masa da lamba, ki je da hoton siffar da kike so ki ce ya nuna miki faɗin kowace roba a takardar kamfani kusa da sentimita 11 ɗin ki, duk wadda ta shiga ciki kuma ya yarda fatarki za ta ɗauka ki zaɓa a cikinsu. Ki kuma tambaye shi idan ta zame ko ta yi tauri a shekarar farko wa zai yi gyaran, ya rubuta miki a takarda.