Wai da gaske wanda ya yi wasa da ƙuruciyarsa har ya mutu yana biyan bashi?

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina kan bakana, duk wanda ya yi wasa da shekarunsa daga 14 zuwa 19 to sauran rayuwarsa biyan bashi zai yi ta yi. Ku duba ƴan ajinmu mana, waɗanda suke tsallake katanga lokacin darasin lissafi su tafi kallon ƙwallo yau ina suke? kiredit biyar ɗin nan da turanci da lissafi a WAEC ko NECO shi ya raba mu gida biyu, kuma har yau rabuwar tana nan.

Malam Auwal: Wa alaikumus salam. Nasiru ka ji tsoron Allah a wannan maganar. Annabi (SAW) ya hana mu cewa da na yi kaza da kaza ta faru, ya ce mu ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata, domin "da na" ɗin nan ƙofa take buɗe wa shaiɗan. Nadama kan zunubi tuba ce, wannan daban, amma ka zaunar da mutum mai shekara 40 ka ce masa ya gama yawo saboda abin da ya yi yana 16, wannan yanke ƙauna ne.

Nasiru: Allah gafarta Malam ban musa ƙaddara ba wallahi. Amma ai hadisin da ka kawo farkonsa cewa ya yi ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah kar ka gaza. Kuma akwai ƙofofin da shekaru ke rufewa ko kana so ko ba ka so, wanda ya gama digiri ya haura 30 ba zai yi bautar ƙasa ba sai dai a ba shi takardar yafiya, aikin soja da ɗan sanda ma duk da iyakar shekaru ake ɗauka.

Maman Khalifa: Yaya Nasiru kai maganar maza kawai kake yi. Ni ina aji huɗu na sakandare aka cire ni aka yi min aure, ba wanda ya tambaye ni ra'ayina, littattafaina a cikin kwali aka kai min ɗaki tare da kwanuka. To a nan wane zaɓi na yi da za a ce ina biyan bashinsa? Yawancin abin da kuke kira zaɓin yaro wallahi zaɓin manya ne, uban da bai biya kuɗin jarrabawa ba, ko kawun da ya ce zo kasuwa ka taya ni. Sai da na haifi uku sannan na koma ajin matan aure na hukumar ilimin manya, wadda tun 1980 zamanin Abubakar Rimi aka kafa ta a Kano amma mutane da yawa ba su ma san tana nan ba, na zauna WAEC ta masu zaman kansu na samu, yanzu NCE nake yi. Da wahala kam, ga girki ga yara ga karatun dare, amma ƙofar ba a rufe na same ta ba.

Kabiru Kwari: Maman Khalifa Allah ya ƙara basira. Ni kuma ba wanda ya cire ni, da ƙafata na bar makaranta na shiga Kantin Kwari saboda na ga sa'annina suna riƙe kuɗi. Alhamdulillah yau ina da shago da yara a ƙarƙashina, wasu masu digirin ma wurina suke zuwa neman aiki, don haka in ta kuɗi ce Nasiru maganarka ba ta zauna ba. Amma abin da ke ci min rai, ranar da za a miƙo min takardar banki ko ta ɗan Chana mai kawo mana kaya sai na kira yaron shagona ya karanta min, ina riƙe da biro ina kallon bakinsa, in ya so ya cuce ni ya cuce ni. A wannan wurin kam maganarka tana da ƙamshin gaskiya.

Sadiq: To ni fa da na bi duk abin da aka ce? Ban tsallake katanga ba, na ci JAMB, na shiga jami'a, yajin aikin ASUU na 2020 ya cinye wata tara, na 2022 ya ci takwas, na fito ga kwali ga shekaru ba aiki. Yanzu gyaran waya nake koya a Farm Centre a hannun wanda ko sakandare bai gama ba. A ina lissafin naka ya tsaya yaya Nasiru?

Anti Hauwa: Ku bari in sa baki a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Kuna haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Karatu ana komawa, sana'a ana koya ko da furfura. Wanda nake jin tsoro shi ne abin da ya taɓa jiki da ƙwaƙwalwa. Kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 yara nawa ne suka fara da kwalba ɗaya a gidan biki, har da ƴan mata a cikin gida, wasu suka wuce zuwa tiramol. Ina ganinsu a asibiti yanzu sun zama magidanta, wani ya daina shekaru amma hannu na rawa, barci ya gagara, aure ya mutu. Suna samun sauƙi in an dage da magani da kulawar dangi, amma ba kowa ke dawowa yadda yake da ba. In akwai inda maganar Nasiru ta zauna daram to nan ne.

Malam Auwal: Ko su ɗin ma Anti ba a ce musu sun gama yawo ba, wanda ya daina ya tuba a ja shi a jiki, in aka yi ta goranta masa komawa zai yi.

Nasiru: Sadiq naka laifin ƙasa ne ba naka ba, na yarda. Amma ni ƙannena nake ji, ina da biyu a sakandare yanzu, in na ce musu komai ana gyarawa daga baya ai kwanciya za su yi.

Kabiru Kwari: Maman Khalifa ajin nan naku akwai na maza da daddare kuwa? don ni sai bayan isha'i nake samun kaina.

Maman Khalifa: Zan tambayar maka malaminmu ranar Asabar in sha Allah.