Neman shawara: malamina ya ce bincikena ba shi da muhimmanci

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina digiri na biyu ne a fannin ilimi, kuma batun da na zaɓa shi ne tasirin kafofin sada zumunta a kan karatun ɗaliban sakandare. Na miƙa babi na ɗaya, sai malamin da ke duba min aiki ya ja layi a kan sashen "muhimmancin bincike" gaba ɗaya, ya rubuta da jan biro a gefe: "To, sai me?" Abin da na rubuta kuwa shi ne binciken zai amfani ɗalibai da iyaye da malamai da gwamnati da masu bincike na gaba. Haka na gani a kundayen da suka gabata, kuma duk sun wuce. Shin laifin batun ne ko na rubutun? In sauya batu ne, ko akwai gyara? Don Allah a taimaka.

Wani malamin jami'a:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki gode wa malaminki, don ya karanta aikin. Jumlar nan da kika rubuta, ɗauke ta ki liƙa a kundin mai nazarin kiwon zuma ko mai nazarin nahawu, za ta zauna daram. Duk jumlar da ta dace da kowane bincike, ba ta faɗi komai a kan naki ba.

Abubuwa biyu ake nema, kuma ɗalibai na yawan cakuɗa su. Na farko dacewa: shin tambayarki ta taɓa wata matsala da ke damun mutane ko masana fanninki a yanzu? Wannan kina da shi, babu mai musun cewa waya a hannun ɗalibi abin damuwa ce. Na biyu muhimmanci: idan kin samu amsa, me zai sauya? Wa zai daina abin da yake yi, ko ya fara wani abu, ko ya gyara abin da ya ɗauka gaskiya ne? Nan ne kika gaza.

George Heilmeier, wanda ya shugabanci DARPA, hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, a shekarun 1970, yana da jerin tambayoyi da yake yi wa duk mai neman kuɗin bincike. A ciki akwai: me kake son yi, ka faɗa ba tare da kalmomin ƙwararru ba, yaya ake yin abin a yau, wa ya damu, kuma in ka yi nasara wane bambanci zai kawo. Ki zauna ki amsa waɗannan a takarda guda. In kin kasa, to batun ne ke da matsala. In kin iya, rubutun ne, kuma amsoshin naki su ne sabon sashen.

Wata likita:
Ina tare da Malam, amma bari in ƙara abin da ya sa mu a fannin lafiya ba ma ɗaukar wannan da wasa. A 2009, Iain Chalmers da Paul Glasziou sun wallafa maƙala a mujallar Lancet, inda suka ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na abin da ake zubawa a binciken lafiya yana tafiya a banza, ta hanyoyin da za a iya kauce musu. Dalilin farko da suka kawo shi ne yin tambayoyin da ba su dami marasa lafiya ko masu kula da su ba. Wani dalilin shi ne fara aiki ba tare da an duba abin da aka riga aka sani ba.

Ga misalin da ba na mantawa. Akwai maganin narkar da gudan jini mai suna streptokinase da ake ba masu bugun zuciya. A 1992 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 33 da aka yi a kansa daga 1959 zuwa 1988, suka jera su bi da bi. Sai suka ga tun 1973, bayan gwaji takwas kacal, da an haɗa sakamakon wuri guda da an ga yana rage mutuwa. Amma aka ci gaba da gwaji a kan mutane fiye da 30,000, kusan rabinsu ba a ba su maganin ba saboda su ne rukunin kwatance. Batun ya dace, babu shakka, amma tambayar an riga an amsa ta.

Ƙanwata, batunki an yi masa rubdugu a duniya. Ki koma bitar ayyukan da suka gabata da ido ɗaya: me har yanzu ba a sani ba? Ba tara sunayen marubuta ba ne aikin bita.

Mai tambaya:
Na gode sosai, Malam da Anti. To in na ce ba a taɓa yin binciken a makarantun da na zaɓa ba, wannan bai isa giɓi ba?

Wani malamin jami'a:
Bai isa ba shi kaɗai. Abubuwan da ba a taɓa bincikawa ba sun fi ƙarfin lissafi, kuma yawancinsu an bar su ne don babu mai buƙatar amsar. Sai kin nuna dalilin da zai sa a yi zaton sakamakon waɗannan makarantu ya bambanta da na sauran wurare. Misali, in wasu daga cikinsu sun hana shiga da waya wasu kuma sun bari, to kin samu abin kwatantawa, kuma shugaban makarantar da ke tunanin kafa doka zai so ya ji abin da kika gano. Kin ga mai amfana ya fito da fuskarsa, ba "gwamnati" a dunƙule ba. Wannan shi ne hujjar ci gaba da bincike.

Wani ɗalibin digiri na uku a fannin kimiyyar halittu:
Malam, da girmamawa, ina da ja kaɗan. In aka matsa wa kowa sai ya nuna wanda zai amfana gobe, da an kashe ilimi mai yawa tun a ƙwai. Thomas Brock ya gano wata ƙwayar bakteriya a maɓuɓɓugan ruwan zafi na gandun Yellowstone da ke Amurka a shekarun 1960, yana neman sanin ko akwai rai a irin wannan zafin ne kawai. Daga jikinta aka samo sinadarin Taq, wanda ya sauƙaƙa fasahar PCR ta ninka ƙwayoyin gadon halitta don a iya gano su, wadda da ita aka riƙa gwajin korona. Gregor Mendel ya wallafa aikinsa kan gadon halitta a 1866, ba a waiwaye shi da gaske ba sai 1900, bayan ya rasu. Katalin Karikó ta sha fama da rashin tallafi a kan aikin mRNA, sinadarin da daga baya aka yi wasu alluran rigakafin korona da shi. Maƙalarta da Drew Weissman ta 2005 ba ta ja hankali sosai ba a lokacin, sai ga su da kyautar Nobel a 2023. Wa zai iya rubuta muhimmancin waɗannan ayyukan daidai tun a babi na ɗaya?

Wani malamin jami'a:
Ɗana, ka kawo magana, amma duba misalan naka da kyau. Brock bai san da PCR ba, gaskiya ne, amma da ka tambaye shi "sai me?" yana da amsa nan take: masana na ganin rai yana da iyakar zafin da ba ya wucewa, in na samu halitta a sama da wannan iyakar, sai an gyara littattafai. Wannan muhimmanci ne, na ilimi. Karikó kuwa ta san sarai abin da take hari, masu ba da kuɗin ne ba su gamsu ba. Ban ce dole bincike ya haifi magani ko doka ba. Na ce dole a iya faɗin abin da zai sauya, ko a aikace ko a fahimta. Gidauniyar kimiyya ta ƙasa a Amurka, NSF, tun 1997 da ma'auni biyu take auna buƙatun tallafi: darajar aikin ta fuskar ilimi, da tasirinsa ga al'umma. Sashen da 'yar'uwarmu ta rubuta bai cika ko ɗaya ba.

Wani mai nazarin ƙididdiga:
Ni gargaɗi zan yi miki kan abin da ke gaba, don na ga yana kayar da ɗalibai a wajen kare kundi. Idan kin zo babi na huɗu, kwamfuta za ta ba ki ƙimar p, wato lambar da ke nuna yiwuwar samun irin sakamakonki ko da babu wani tasiri na gaske, kuma in ta yi ƙasa da 0.05 za ki ji daɗi ki ce sakamakonki "mai muhimmanci" ne. Hattara. Wannan ma'aunin, wanda Ronald Fisher ya yayata tun 1925, ba ya faɗa miki girman tasirin. Da ɗalibai 20,000, bambancin rabin maki cikin 100 zai iya haye wannan layin, alhali babu shugaban makarantar da zai sauya doka saboda rabin maki. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne kan haka, a 2019 kuma masana fiye da 800 suka sa hannu a wani kira a mujallar Nature cewa a daina raba sakamako gida biyu da wannan layin.

Don haka tun yanzu, kafin ki raba takardar tambayoyi ko ɗaya, ki rubuta girman bambancin da kike ganin ya isa a damu da shi, maki biyar ne ko goma, da dalilinki. Daga wannan adadin ne za a lissafa yawan ɗaliban da kike buƙata. Kuma ki sani, in kin tarar masu yawan amfani da waya sun fi faɗuwa, hakan bai nuna wayar ce ta kayar da su ba, don mai yiwuwa wanda karatu ya gagara ne ke komawa waya. Ki nemi sakamakonsu na shekarar baya ki sa a lissafin. In kin tsara sabuwar tambayar, turo ta nan in duba miki yawan samfurin kafin ki mayar wa malaminki.