Shawarwarin likitoci kan horon likitancin manya da yara a Amurka

A hirar da wasu likitoci suka yi kan Med-Peds, horon ƙwarewa da ya haɗa likitancin manya da na yara a Amurka, galibinsu sun ce kada gajartar shekara 4 ta ruɗe ka. Wata 24 ne kowane ɓangare, ga jarrabawar ƙwarewa biyu na jiranka. Sauyin wuri ya fi ba su wahala: yau kana lissafa magani gwargwadon nauyin jariri, bayan 'yan watanni ga dattijo mai ciwon ƙoda. A ganina wannan horon ya fi dacewa da mai son riƙe masu sikila tun suna yara har su girma. Mai sha'awar karɓar haihuwa kuwa, sun ce ya nemi likitancin iyali.